Kullum Ina Gudu, Ƙwaurina Na Ciwo, Ga Tsere Ya Matso

Wasiƙar wannan makon daga Gwammaja ta fito. Na ɗan taƙaita ta, amma ban taɓa ma'anarta ba:

"Assalamu alaikum. Shekaruna 36, ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Wata takwas ke nan da na fara gudu saboda teɓa ta soma yi mini yawa. Kullum bayan sallar asuba ina yin kilomita 8 a titin Katsina, ba fashi, kuma ina duba waya don in ga ko na fi jiya sauri. Wani abokina ya zuga ni na yi rajistar tseren kilomita 21 da za a yi a kan duwatsu a wajen Jos, yanzu saura mako 12. Damuwata uku ce. Ƙwaurina na dama ya fara ciwo, sai na sha magani nake iya fita. Kano kuma ba dutse, ban san inda zan koyi hawa ba. Sannan maiɗakina ta ce gudu ya zama kishiyarta, don na daina kai yara makaranta, da na dawo daga kasuwa kuma sai barci. In ƙara gudun yamma ne don in cike giɓi, ko in haƙura da tseren?"

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Kada ka ƙara gudun yamma, kuma kada ka haƙura. Ragewa za ka yi. Na san ba amsar da ka so ji ba ke nan, domin duk wanda gudu ya shiga jininsa gani yake ranar da bai fita ba asara ce. Amma yi lissafi da kanka, ai kai ɗan kasuwa ne. Kilomita 8 sau bakwai, 56 ke nan a mako, duk a kan kwalta, duk da iyakar ƙarfinka, kuma kana tsere da mutumin da ba ya gajiya, wato kai na jiya da ke cikin waya. Uwar kuɗi kake ci kullum kana cewa riba ce.

Abin da masu sabon shiga ba su cika sani ba shi ne, jiki ba a lokacin gudu yake ƙara ƙarfi ba. Gudu ɗan rauni yake yi wa tsoka da jijiya da ƙashi, sai ka huta ka ci ka yi barci, sannan jiki ya gyara wurin ya ƙara masa ƙwari. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ka ji numfashinka ya daidaita. Ƙashi da jijiya kuwa masu nawa ne, watanni suke ɗauka. Shi ya sa mutum zai ji kamar ya tashi sama, amma ƙwauri yana can yana kuka. Naka ya riga ya kai ƙara, kai kuma ka toshe masa baki da ƙwaya.

Bari in fara da maganin nan, don shi ya fi tayar mini da hankali. Ka daina shan maganin ciwo don ka samu damar fita. Irin su diclofenac da ibuprofen da ake miƙo wa mutum a kemis ba tambaya, idan suka haɗu da zafi da ƙarancin ruwa a jiki suna iya taɓa ƙoda, suna kuma cin ciki. Tramadol kuwa ko kusa da shi kada ka je, ko da wani ya ce maka "ƙarfi yake sawa". Ban da illarsa da kowa ya sani a garin nan, tun farkon 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

Yau da daddare ka zauna ka miƙe ƙafar, ka bi ƙashin ƙwaurin da ɗan yatsa daga idon sawu zuwa gwiwa kana dannawa. Idan ciwon a baje yake, tsawon kamar tafin hannu ta gefen ciki, kuma yana lafawa in ka huta, galibi wahala ce ta yi wa wurin yawa. Amma idan akwai wuri ɗaya tak da kan yatsa zai rufe, kana dannawa ka zabura, ko ka kasa yin tsalle da ƙafar ita kaɗai, ko ciwon yana damun ka kana kwance, to ajiye takalmi. Wannan yana iya zama tsagewar ƙashi, irin wadda ke zuwa a hankali ba tare da an faɗi ba. Asibitin ƙashi na Dala a unguwarku yake, ko kuɗin adaidaita ba sai ka kashe ba. Je ka a duba, kuma ka sani hoton farko ba kullum yake nuna irin wannan tsagewar ba, don haka abin da likita ya ce shi za ka bi, ba abin da ka so ba. Tunda ka je, a gwada maka hawan jini ma. Mutum mai teɓa ɗan shekara 36 da zai hau dutse na awa uku ya kamata ya san lambarsa.

A ɗauka ƙashin lafiya lau. Duk da haka mako biyun farko na jinya ne. Makon farko babu gudu sam, sai tafiya, ko ka ari keke ka riƙa zagayawa minti 40. Mako na biyu ka koma sassarfa rana bi rana, minti 20 zuwa 30, a kan ƙasa ba kwalta ba. Za ka ji kamar komai ya zube. Bai zube ba, abin da ka tara a wata takwas ba ya narkewa a kwana goma.

Yanzu batun dutse. Na yi dariya da na karanta cewa Kano ba dutse, daga bakin mutumin da ke kwana a gindin Dala. Ka fito ƙofar gida ka ɗaga kai mana! Ga Goron Dutse can kuma yana kallon ka. Gaskiya ne ba su kai na Filato ba, hawa ɗaya ba ya ɗaukar mutum fiye da 'yan mintoci, amma abin da dogon dutse ke bayarwa a tashi ɗaya, gajere yana bayarwa idan an maimaita. Ranar da ba ka samu zuwa ba, matakalar 'yan kallo ta filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, in an bari ka shiga, ko gadar tsallaka titi, ko benen kasuwa kafin a cika, duk hawa ne. Sharaɗi ɗaya: Dala ba wurin zuwa cikin duhu ba ne, kuma ba wurin zuwa kai kaɗai da waya a hannu ba. Bari gari ya waye, ku je ku biyu ko uku. Abokin nan da ya zuga ka, shi ne na farko da za ka tasa a gaba.

Ga yadda nake so makonka ya kasance daga mako na uku. Kwana huɗu gudu, kwana uku babu.

Talata ranar dutse ce. Ka yi sassarfa minti 15 daga gida har jiki ya yi ɗumi, sannan ka hau na tsawon minti ɗaya da ƙarfin da zai sa ka haki amma ba ka ganin duhu-duhu, ka sauko a hankali, ka sake. Sau biyar ya isa a makon farko. Kowane mako ka ƙara ɗaya har ka kai goma, ka tsaya a nan. Laraba sassarfa ce ta minti 40, kuma a nan ne za mu yi rigima da kai, don ina nufin sassarfar da za ka iya ba abokinka labarin cinikin jiya a cikinta ba tare da maganarka ta yanke ba. In kana jin kunyar masu shayi su ga kana tafiya kamar mai bin akuya, to ka kai saurin da nake so. Manyan 'yan tseren duniya, na Kenya da Habasha, mafi yawan gudunsu na mako a irin wannan sauƙin suke yin sa, ana ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100. Ranakun wahala kaɗan ne, shi ya sa in ranar ta zo suke da abin kashewa. Juma'a ka yi minti 45, a tsakiya ka ɗan ɗaga ƙafa na minti 15, saurin da za ka iya faɗin kalma uku-huɗu amma ba hira ba. Lahadi kuma dogon gudu, wanda shi ne uwar shirin gaba ɗaya.

Litinin da Alhamis hutu. Da gangan na zaɓe su, in kana cikin masu azumin nafila ba sai ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya ba. Asabar ma babu gudu, tsayuwar kasuwa da ɗaga dila sun ishe ka, ga shi Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli da safe.

Dogon gudun Lahadi da agogo za ka auna shi, ba da kilomita ba. Fara da awa ɗaya da kwata. Kowane mako ka ƙara minti 10 zuwa 15, a Lahadi ta huɗu da fara shi ka rage kusan kashi ɗaya cikin uku don jiki ya numfasa, sannan ka ci gaba. Mafi tsawonsa ya kai awa biyu da rabi, kuma ya faɗo saura mako uku a yi tseren. Dalilin agogo kuwa, kilomita ta dutse ba ita ce ta titi ba. Wanda ke gama 21 a awa biyu a kan kwalta, a kan duwatsu yana iya shan awa uku ko fiye, kuma bai yi abin kunya ba. Tseren Obudu na jihar Kuros Riba, wanda aka fara a 2005, kilomita 11 ne da 'yan kai kawai, amma hawansa ya kai mita 800, kuma gwanaye daga Habasha da Kenya da Yuganda suka riƙa zuwa suna jigata a kansa. Ka tambayi masu shirya naku tseren jimillar mitocin hawa, da wuraren shan ruwa, da lokacin da za su rufe hanya. Waɗannan lambobin sun fi 21 ɗin muhimmanci.

Kuma Lahadin nan ba a titin Katsina ba. Ka fita bayan gari. Wuce sabuwar jami'ar Bayero ta hanyar Gwarzo ka shiga hanyoyin gonaki da burtali, ko ka nufi Fanisau inda akwai duwatsu, ko a cikin gari ka zagaya filin sukuwa in lokaci ya ƙure. Sau ɗaya ko biyu kafin tseren ku haɗa kuɗin mai ku tafi wajen Rano, inda duwatsu suka fi kama da abin da za ka tarar. Abin da kake nema shi ne ƙasa mai gargada: tsakuwa, kunya-kunyar gona, yashi, rami, saiwa. A kwalta ƙafa tana sauka iri ɗaya sau dubu goma, wuri ɗaya ke shan duka, abin da ya cinye maka ƙwauri ke nan. A hanyar gona kowane taku daban, idon sawu yana koyon gyara kansa, ido yana koyon duba taku huɗu-biyar a gaba maimakon kallon yatsu. Ka gai da manoma, kada ka ratsa shuka, kuma da kaka ka bi tsakiyar hanya ka bar ciyawa, lokacin macizai ne. Kububuwa ba ta san kana atisaye ba.

Akwai abin da kusan kowa ke mantawa, kuma shi ke kayar da mutanen gari mai shimfiɗe irin namu: gangara. Kowa tsoron hawa yake ji, alhali sauka ce ke karya mutum. Ni ganau ne. Ina saurayi na taɓa bin wasu abokai muka hau wani dutse a Filato, da muka juyo na saki ƙafa ina ta ihu, ina ganin na fi kowa. A ranar lafiya lau na kwana. Washegari cinyoyi suka fara magana, jibi kuwa sai da na dafa bango kafin in iya kai goshi ƙasa a sallar asuba, matakala uku ta ƙofar masauki da baya-baya na sauke ta, yara suna leƙe suna dariya. Dalili shi ne, a gangara tsokar gaban cinya birki take takawa, tana miƙewa tana riƙe nauyinka a lokaci guda, kuma wannan aikin ya fi kowane yayyaga ta. Ciwon yakan kai ƙololuwa bayan kwana ɗaya zuwa uku. Abin daɗin shi ne tsoka tana da saurin koyon wannan darasi, in ta sha sau ɗaya ko biyu, na gaba ba ya kai na farko zafi. Saboda haka daga mako na biyar, in ƙwauri ya yi shiru, ka fara saukowa da sassarfa a ranar Talata maimakon tafiya. Taku gajeru, masu sauri, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a sake kamar mai tsallaka kwata a kan katako. Kada ka jingina baya kana dukan ƙasa da dunduniya. A matakala kuwa taka a hankali, gangaren ƙasa za ka nema don wannan.

Hawa mai tsauri kuma tafiya ake yi, ba gudu ba. Ka sa wannan a ranka tun yanzu don kada girman kai ya kashe ka a kilomita ta biyar. A babban tseren da ake yi a zagayen dutsen Mont Blanc daga garin Chamonix na Faransa, mai tsawon kusan kilomita 170, zakarun ma da sanda biyu a hannu suke taka wuraren da suka miƙe. Dafa hannu a cinya, sunkuya kaɗan, yi ta takawa da sauri. Shi ma a koye yake, ka riƙa gwada shi a Lahadi.

Laraba da Asabar da yamma ka ware minti 15 a tsakar gida. Tsuguno ka tashi sau 12, hawa kan dakali da ƙafa ɗaya ka sauko a hankali, ɗaga dunduniya a bakin matakala don sharaɓa da agara su yi ƙwari, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya kana goge baki da asuwaki, wanda ke rage targaɗe fiye da yadda kake zato. Tsallen kwaɗo na horon makaranta ba ya ciki.

Ci da sha a gaggauce. Gudun da bai kai awa ɗaya ba, ruwa ya isa. Wanda ya wuce awa ɗaya da rabi yana son abinci a hanya: dabino uku ko huɗu duk rabin awa, ko ayaba. Ruwan leda ɗaya rabin lita ne, ka riƙa kurɓa gwargwadon ƙishi, ba ɗurawa ba, domin yawan ruwa babu gishiri shi ma yana kwantar da mutum. Ranar zafi ka haɗa ruwan gishiri da sukari irin na asibiti, lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka auna nauyinka kafin fita da bayan dawowa, duk kilo ɗaya da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta gumi, ba teɓa ba ce ta narke. In ka dawo, koko da ƙosai ko fura da nono sun wadatar, babu buƙatar garin gwangwani mai tsada na 'yan motsa jiki. Takalmi kuma ka nemi mai haƙora a ƙasa, wanda ya bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakinsa, in ba haka ba gangara za ta baƙanta maka farce. Ko a gwanjon Ƙofar Wambai ana dacewa, sai dai ka lanƙwasa shi ka duba ƙasan bai mutu ba. Ka saye shi yanzu ka yi Lahadi biyar ko shida da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka ma dabinon da ruwan gishirin, duk ka gwada su a cikinka tun a nan.

Jos ta haura mita 1,200 daga teku, Kano ba ta kai 500 ba. Bambancin bai kai ya tsorata ka ba, amma za ka ji haki ya zo da wuri, kuma sanyin safiyarsu ba irin namu ba ne, ka tafi da riga mai dogon hannu. Mako biyun ƙarshe ka rage gudu, na farko da kusan kashi ɗaya cikin uku, na ƙarshe da rabi ko fiye. Ƙafa za ta riƙa yi maka ƙaiƙayi, ka ƙyale ta.

Saura maganar maiɗakinka, wadda ka sa a ƙarshe, ni kuma da ita ya kamata in fara. Tana da gaskiya. Ba gudu take kishi da shi ba, aikin da ka sauke mata a ka ba shawara shi ne damuwarta, ga miji da ke shigowa kamar buhun gero ya zube. Yawan barcin nan ma alama ce ta jikin da aka ƙure. Sabon tsarin ya ba ka safiyar Litinin da Alhamis a sake, ka karɓi kai yara a ranakun nan ba tare da an tuna maka ba. Laraba da Juma'a gudun bai kai awa ba, in ka fita da wuri za ka dawo kafin su gama shiri. Talata kaɗai za ka nemi alfarma, sai rabin safiyar Lahadi. Ka zaunar da ita ka nuna mata ranakun a kalanda, ka faɗa mata ranar da abin zai ƙare, ka ba ta haƙuri kan watannin da suka wuce. Ka kuma faɗa mata kuɗin da tafiyar za ta ci, kada ta ji a bakin abokinka. Sannan ka tambaye ta ita wace rana take so a bar mata yara ta je gida ko unguwa, ka rubuta ita ma a kalandar, kusa da taka.

Masu tsokana a bakin titi, "Alhaji wa ya biyo ka?", ka ɗaga musu hannu ka wuce. Wayar kuma ka bar ta a gida ranar Laraba, agogon hannu mai araha ya ishe ka, ka huta da masu ƙwace, ka huta da mutumin jiya. In mako na shida ya zo ƙwaurin bai daina magana ba, ka sake rubuto mini, ka haɗo da abin da likita ya ce, sai mu duba ko akwai gajeren zango a tseren da za ka koma.